Sayyid: sunan da Larabawan farko ba sa ba wa marowaci

Yanzu kam ko ina ka duba fostar maulidi ko katin gayyata sai ka ga Sayyadi wane, Sayyada wance, har abin ya zama kamar kwalliya, alhali Larabawan da muka aro kalmar a wurinsu, a da can ba haka kawai suke liƙa wa mutum ita ba.

Kafin zuwan Musulunci, shugaban ƙabila shi ake kira sayyid. Kalmar ta fito ne daga haruffan sin, wawu da dal, gida ɗaya da sawad, wato baƙi. Malamin luggar Larabci Ragib al-Asfahani ya yi bayanin cewa taron jama'a mai yawa ana ce masa sawad, to wanda ya ɗauki ɗawainiyar wannan taron shi ne sayyid. Ni dai wannan bayanin ya fi kwanta min a rai, don ya jingina sunan da hidimar mutane.

Kuma ba sarki ba ne fa, ba shi da dogarai ba shi da kurkuku, manyan ƙabila ne ke yarda da shi saboda kyauta da haƙuri da iya sasanta rigima, shi zai sauki baƙo shi zai sa hannu a biyan diyya idan an zubar da jini. Ahnaf bin Ƙais, sayyid ɗin ƙabilar Banu Tamim, ƙafarsa a karkace take, amma haƙurinsa ya sa har karin magana ake yi da sunansa.

Akwai ruwayar da Bukhari ya kawo a Adabul Mufrad, Annabi (SAW) ya tambayi Banu Salima, wata ƙabila ta Madina, wane ne sayyid ɗinku, suka ce Jaddu bin Ƙais ne sai dai muna ganin rowarsa, sai ya ce wace cuta ce ta fi rowa, nan take ya ce sayyid ɗinku Amru bin Jamuh ne. Amru ɗin nan gurgu ne, a Uhudu ya yi shahada. Haka da Annabi ya kira jikansa Hasan sayyid, dalilin da ya faɗa shi ne zai sulhunta ƙungiya biyu na Musulmi, aka kuwa yi hakan a shekara ta 41 bayan hijira.

Daga baya ne kalmar ta koma laƙabin zuriyar Annabi, a ƙasashen Magrib na arewacin Afirka ta zama Sidi, sunan da Sakkwatawa suka sani sarai. Wani zai ce ai harshe yana sauyawa, girmamawa ce kawai, kuma gaskiya ne babu laifi a girmama malami ko sharifi. Amma mai kuɗin da maƙwabcinsa ke kwana da yunwa, almajiransa na bara a tasha, a rangaɗa masa Sayyadi a lasifika don ya ba da gudummawar buhu biyu, wannan kam ko Banu Salima sai da suka faɗi aibin nasu a gaban Annabi.