Giris da Fetur a Cikin Firiwil

Ni da ake kawo wa keken ɗinki da injin taliya daga ƙauyuka uku, ni ne keke ya kayar a gaban teburin Kawu mai shayi, ranar Alhamis da sassafe, ina hanyar kasuwar Maigatari da rabin buhun riɗi a baya.

Laraba da yamma na kwance firiwil ɗin tsohon kekena Phoenix, wato ƙarfen nan mai haƙora da sarƙa ke ja a tayar baya. Murfinsa zaren hagu ne, ɓangaren dama ake buga shi ya kwance, kuma sai an shimfiɗa tsumma, don 'ya'yan boris ɗinsa in suka faɗa yashi sai dai a yi musu addu'a. A ciki akwai 'yan harsunan ƙarfe biyu da siririn sifirin ke tokarewa su kama haƙora. Su ne ke ƙas-ƙas in ka daina taka feda. Sifirin ɗin ba shi da wani ƙarfi, shi ya sa ba a cusa musu giris mai kauri. Shi giris mai ne aka riƙe da wani abu kamar sabulu, in ana so ya saki, mai ake ƙara masa: cokali 1 na giris, 2 na sabon man inji, a dama a gwangwanin tumatir har ya riƙa zuba daga tsinke kamar zuma. Ban da man gyaɗa, danƙo yake zama. Duk wannan na sani tun ina yaron shago. Amma ranar babu man inji, sai guntun fetur a kwalba. Na zuba, na dama, ya yi laushi gwanin sha'awa.

To fetur ba ya zama. Kafin asuba ya bi iska ya bar giris yadda ya same shi, sanyin hunturu kuma ya daskarar da shi.

Daga gidanmu gangara ce. Na ji babu ƙas-ƙas, har na yabi kaina, ashe harsunan ne suka kwanta suka manne. Daidai teburin shayi hanya ta fara hawa. Na miƙe tsaye a kan feda, na ɗaga hannu ɗaya ina cewa "Kawu, an tashi lafiya?" Feda ta tafi fyuu, babu abin da ta kama. Na sauko da dukkan nauyina a kan sandar keken, a inda ba a faɗa. Maimakon in sauka, sai na ci gaba da takawa. Ƙafa na gudu kamar na kori ɓarawo, keke na tsaye, sannan ya fara komawa baya a hankali, da ni da riɗi, har muka kwanta a gefen kwata. Benci biyu cike da mutane, har da ƙanin matata, kofi a bakinsa.

Kowa ya ce sannu, ban da Kawu. Sai da ya gama sheƙa shayi tsakanin kofi biyu, ya ce, "Injiniya, keken ne ya gaji ko ilimin?"

Mutumin nan sau uku ina gyara masa risho, ladan duka shayi ne ba madara. Sifanata mai lamba 10 tana hannunsa tun damina, kullum na tambaya sai ya ce yaro ya ajiye. Wane yaro? Shi kaɗai yake teburin nan shekara da shekaru. Shi ne ya taso da butarsa, ya tsiyaya ruwan zafi a kan firiwil, ya juya feda baya. Ƙas-ƙas-ƙas. Giris ya narke, harsuna suka miƙe. Wani a benci har da kabbara. Ya ce, "Ɗana, naira 50, ruwan ba kyauta yake tafasa ba." Na biya, a tsugune, don miƙewa ba ta yiwu ba tukuna.

Ruwan kuma tsatsa zai jawo, dole Juma'a na sake kwancewa, na wanke da kananzir, na bari ya bushe sarai, na dama da man inji yadda ya kamata. Riɗin da ya zube kajin maƙwabta suka yi walima da shi. Jiya na wuce, na hango sifanar, da ita yake danne ledar burodi.