Daren da Tiren Gashi Ya Kori Gidanmu

Ni dai a tukunya na koyi gasa kek. A zuba yashi a ƙasa, a jera gwangwanayen madara, a rufe da murfi a ɗora garwashi a kai. Da maigida ya sayo obin mai gas ana saura kwana kaɗan Sallah, sai na ga ai matsayina ya wuce gwangwani. Na hau Keke Napep na nufi Kasuwar Sheikh Gumi neman tiren gashi.

Mai shagon ya fito da guda biyu. Ɗaya mai kauri, bakinsa a naɗe, ya ce irin na gidajen burodin Amurka ne, inci 18 da 13, wai rabi ne ma, cikakken inci 26 da 18 ne. Ɗayan kuwa shafal, in ka ɗaga shi har rawa yake. Na ji kuɗin na farko, na ce ai biskit bai san kauri ba, a miƙo min na biyun.

Bayan isha'i na murza ƙullu, na yanka da bakin kofi, na jera reras. Na kunna obin ya ɗau zafi, na tura tire, na koma falo ina ƙulla cincin. Hajiya, mahaifiyar maigida, tana kan darduma tana jan carbi. Dama tun ranar da tukunyar gas ta shigo gidan take kiranta "bam ɗin nan naku".

Sai ji muka yi TAS! daga kicin.

Hajiya ta ce, "Innalillahi! Ta fashe!"

Matar da kullum sai an riƙe ta take hawa dakalin ƙofa saboda ciwon gwiwa, wallahi ita ta riga kowa kaiwa get, carbi a hannu, mayafi a baya. Maigida ya biyo ta da takalmi ƙafa ɗaya da rimot ɗin talabijin. Ni na sunkuci auta, na kuma sunkuci robar cincin, don na san wahalar da na sha a kansa. Kafin ka ce kwabo rabin layinmu na Tudun Wada ya fito, wani maƙwabci har da bokitin yashi.

Muka tsaya cirko-cirko muna jiran wuta ta tashi. Shiru. Ƙanin maigida, mai karatun injiniya, ya yi ta maza ya leƙa, ya dawo yana riƙe da ciki don dariya. Ya ce ƙarfe in ya ji zafi buɗewa yake, to tsakiyar tiren ta riga bakinsa ɗaukar zafi, ta rasa inda za ta miƙe, shi ne ya murɗe lokaci guda ya yi ƙara. In ya huce zai koma daidai. Da ya ga ya samu jama'a, sai ya zarce da lacca: wai alminiyom ɗin nan da muke rainawa ƙarfen masu hannu da shuni ne a da, sai a 1886 da Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa suka gano yadda za a fitar da shi da lantarki ya yi araha, har ya shigo kicin.

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai da Faransar taka, wa ya kashe abin?"

Babu wanda ya kashe. Muka tarar da biskit ya zama gawayi, na gefe ma sun gangare lungu guda sun manne.

Washegari Hajiya ta ce, "Ke 'yar nan, kawo min farantin nan, ba zai sake shiga wuta a gidan nan ba." Yanzu a kansa take tsince wake, ta shanya kuɓewa da barkono, ranar Juma'a ta jera goron baƙi. Jiya na je aro zan gasa dankali, na ce, "Hajiya, ko kun gama da tiren?" Ta ce in dawo jibi, daddawarta ba ta bushe ba.