Sintiri a Marwa: daga dogarin Lamido zuwa motar komisariya

'Yan uwa, duk sanda aka fasa shago ko aka ƙwace babur a unguwa, maganar da ake yi a majalisa ɗaya ce: a ƙaro 'yan sanda, a ƙaro mota. Ban ƙi ba. Amma a ganina abin da ya fi cutar da sintiri a Marwa, a arewacin Kamaru, shi ne mai sintirin bai san yankin da aka ba shi ba, yankin ma bai san shi ba. Wannan kuwa yana da tarihi.

Kafin zuwan Bature, tsaron gari a hannun Lamido, wato sarki, yake. Ƙarƙashinsa lawanai, ƙarƙashin lawanai jauro, wato mai unguwa, kowa da unguwarsa. Dogarai ke kamu, alƙali ke shari'a. Bafatake in ya taso daga Kano ko Borno ba ya sauka haka kawai, sai a gidan mai masauki, kuma in ya yi ɓarna mai masaukin za a fara tambaya. Iyakar yankin tsaro ita ce iyakar inda jauro ya san masu gidaje da baƙinsu. Ba yabon zamanin nake yi ba, don dogari da bulala yake yawo, talakan da ya zalunta kuwa da wuya ya sami inda zai kai kuka. Sai dai wanda ke tsaron unguwa ya san wa ya kwana a cikinta.

A watan Janairu 1902 sojojin Jamus ƙarƙashin Hans Dominik suka ci rundunar Lamido Zubairu na Adamawa a kusa da Marwa. Jamusawa ba su da yawa, don haka suka bar sarakuna a kan gadonsu suna mulki ta hannunsu. Daga 1916 ƙasar ta koma hannun Faransa, aka zo da dokar indijena, wadda ta ba kwamanda ikon kulle mutum har kwana 15 ba tare da an je gaban alƙali ba. Sai 1946 aka soke ta. Shekara talatin ke nan mai kaki yana shiga unguwa don haraji ko aikin tilas, kuma har yau akwai gidajen da in an ga kaki a ƙofa sai a ce mai gidan ba ya nan, ko da yana zaure. Daga Faransa kuma muka gaji raba aiki gida biyu: polis a birni, jandarma a karkara. Yau polis na ƙarƙashin DGSN, babbar hukumar 'yan sanda ta ƙasa, wadda ke amsa umarni daga fadar shugaban ƙasa, jandarma kuwa ɓangaren ma'aikatar tsaro ne.

Bayan 'yancin kai a 1960, daga Garwa ake juya arewa baki ɗaya. Dokar 1977 kan sarautun gargajiya ta jera sarakuna daraja uku, ta mai da su mataimakan hukuma, har da taimakawa wajen zaman lafiya da sasanta rigima. A 1983 aka raba arewa uku, Marwa ta zama babban birnin Arewa Mai Nisa. Ƙidayar 2005 ta sami mutum sama da 200,000 a garin. A Afrilu 2007 aka yanka shi arondisma, wato gunduma, uku: Marwa ta ɗaya a Domayo, ta biyu a Duwalare, ta uku a Dugoi. A 2008 jami'a ta zo da dubban ɗalibai masu haya, daga 2014 kuma masu gudun Boko Haram suka riƙa shigowa daga bakin iyaka suna raɓawa a gefen gari. Kowane sauyi an zana shi a takarda, an buɗe ofis, an naɗa shugaba. Abin da ba a yi ba shi ne a koma a tambayi mutum nawa, tafiyar awa nawa, mai lita nawa zai riƙe sabon yankin da dare.

Ku zo mu yi lissafin, don a nan magana take. Sati ɗaya awa 168 ne. In ma'aikaci zai yi awa 40 a sati, gurbi ɗaya da ba a rufewa dare da rana yana cin mutum huɗu da ɗoriya. Sa hutu da rashin lafiya da masu tafiya kos, ya zama biyar. Sintiri ba ya yiwuwa da mutum ɗaya, aƙalla biyu, wato goma. Teburin karɓar ƙara biyar, gadin ɗakin tsare mutane biyar. Mutum ashirin ke nan, ba a sa mai bincike ko ɗaya ba, ba a sa direba ba, kuma duk don a sami ayarin sintiri ɗaya tak a waje a kowane lokaci. Daga cikin waɗannan ne ake ɗiban masu gadin banki, masu tsayawa a mararraba, masu rakiyar baƙo in ya zo daga Yaunde. Teburin ƙara ba ya rufuwa, ɗakin tsarewa ba a barinsa ba kowa, saboda haka abin da ake fara yankewa shi ne sintirin dare. Wanda bai yi wannan lissafin ba sai ya ce lalaci ne. Sau da yawa mutanen ne babu.

Sai mota. A-kori-kura irin wadda ake sintiri da ita tana shan wajen lita 10 a kilomita 100 a kan kwalta, kuma ta fi haka in ana jan ta a hankali cikin yashi ana tsayawa inji na aiki. In man wata ya ƙare kafin wata, sai motar ta kwana a harabar ofis, ko a ce wa mai ƙara ya sa mai. Daga ranar da aka fara haka, sintiri ya koma na mai kuɗi. Ko da mai a tanki, motar ba ta shiga lungunan tsofaffin unguwanni irin Kakatare da Funange da Barmare, inda wani lungun babur biyu ba sa gifta juna. Fitilarta da ƙarar injinta suna riga ta isa. In kuma ta saba bi ta titi ɗaya ƙarfe goma sha biyu, ta dawo ƙarfe biyu, cikin sati ɗaya ɓarawo ya haddace, zai yi aikinsa ƙarfe ɗaya. Maganin wannan ba tsada: kullum a canja awa da hanya, a ajiye motar a bakin titi, mutum biyu su shiga da ƙafa. Mai tafiya yana tsayawa yana gaisawa yana cin wajen kilomita 3 a awa. Wannan shi ne ainihin ma'aunin yankin sintiri, kuma ya yi ƙasa ƙwarai da faɗin arondisma.

Ga kuma rafin Mayo Kaliyawo da ya ratsa gari. Da rani yashi ne, mai gudu da ƙafa ko babur yana tsallakawa ta inda ya ga dama, mota kuwa sai ta zaga ta gada. Da damina, musamman watan Agusta, ruwa na mai da kowa kan gadoji, sai wuraren tsaro su koma 'yan kaɗan. Wato garin rani daban, garin damina daban, kuma jadawalin sintiri ya kamata ya zama biyu. Da gadar Palar ta karye a daminar 2020, kowa ya ga yadda gada ɗaya ke sauya zirga-zirgar gefen gari gaba ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne canjin wurin aiki. Ana kawo matashi daga kudu, ba ya jin Fulatanci, balle Hausa ko Barbarci ko Larabcin Shuwa ko Giziga. Ba laifinsa ba ne. Zai yi shekara yana koyon gaisuwa da sunayen lunguna, ya fara gane wane ne mai shayin da ke kwana a waje, wace ce mai ƙosan da ke fitowa da asuba. Da ya fara amfani sai takardar canji ta zo. Ga shi gidajenmu ba lamba. Mai kiran 117, lambar 'yan sanda, zai ce "bayan masallacin Juma'a, kusa da injin niƙa", mai ɗaukar waya bai san wurin ba, minti goma sun tafi a kwatance. Kowace komisariya, wato ofishin 'yan sanda, na bukatar taswira a bango da aka rubuta da sunayen da mutane ke faɗa: masallatai, famfuna, majalisu, tashoshin 'yan kalando, wato masu acaba. Jauro da matasan unguwa za su iya zana ta a zama biyu.

Haka littafin da ake rubuta duk abin da ya faru a teburin ƙara. In an rubuta awa da wuri daidai, bayan wata uku littafin da kansa zai nuna inda ake ƙwacen waya da lokacin da ake yi. In an rubuta "sata a Domayo" kawai, an yi asarar tawada, don Domayo gari guda ce. Mu ma muna da laifi a nan. Wani ba ya kai ƙara sam, wani ya kai komisariya, abokin rigimarsa ya kai birgad ta jandarma, sammaci biyu su fito kan magana ɗaya, ba wanda ya san ɗayan na bincike.

Bayan haka akwai doka, wadda yawancinmu ba mu karanta ba. Kundin shari'ar laifuka na 2005, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2007, ya ce tsarewa a ofis awa 48 ce, ana sabunta ta sau ɗaya, ƙari a kan haka sai da rubutaccen izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati. Mutumin da aka san gidansa ba a tsare shi sai a babban laifi ko an kama shi dumu-dumu, kuma da hujja mai ƙarfi. Ba a binciken gida daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Wanda aka tsare yana da damar ganin lauya da iyalinsa, a kawo masa abinci, likita ya duba shi. Kwana 15 da ake sabuntawa yana cikin dokar 1990 kan manyan 'yan fashi da dokar ta'addanci ta Disamba 2014, ba na yaron da ya manta katin shaidarsa a gida ba ne. Samamen da za a kwashe duk wanda aka gani a bakin titi yana cika ɗaki a dare ɗaya, amma iyayen yaran nan su ne waɗanda za a nema da labari gobe, kuma ba za su bayar ba.

Shekarar 2015 ta nuna mana wannan da jini. Ranar 22 ga Yuli 'yan mata biyu suka tayar da bam a bakin babbar kasuwa da unguwar Barmare, mutum fiye da 10 suka rasu. Bayan kwana uku aka sake a unguwar Pont Vert, aka rasa kimanin 20. Allah ya jiƙansu. Sojoji da shingaye sun cika gari, amma abin da hukuma ta koma nema shi ne tsohon abu: jauro ya san baƙon da ya sauka, mai gida ya faɗi wanda ya ba haya, matasa su kafa kwamitin sa-ido su tsaya a ƙofar kasuwa da masallaci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A garuruwan bakin iyaka 'yan kwamiti da yawa sun ba da ransu wajen tare masu ɗauke da bam, da sanda da tocila da usur kawai.

Kwamiti ma yana lalacewa, kuma an san ta inda yake lalacewa. In ba alawus, sai a fara karɓar na goro a shinge. In ba rajista, sai ɓata-gari ya sa riga ya shiga. In ba mai sa musu ido, sai mai tsohuwar gaba ya nuna maƙwabcinsa. Doka ta yarda kowa ya riƙe wanda ya kama yana cikin aikata laifi, amma don ya miƙa shi ga hukuma, ba don a yanke masa hukunci da sanda a bakin kwata ba.

Don haka roƙona ga komishinonin polis da sufurefe mai kula da arondisma da iyayenmu sarakuna shi ne a yanka kowace arondisma ƙananan yankuna bisa iyakar jauro, yadda mutum biyu za su zaga da ƙafa cikin awa biyu. Kowane yanki a ba shi jami'ai sanannu da za su zauna aƙalla shekara uku, ɗaya a cikinsu mai jin Fulatanci. A liƙa lambar wayar shugaban ayarin a ƙofar jauro da masallaci da tashar kalando, tare da lambar 1500 ta kai koke kan jami'in da ya wuce gona da iri. 'Yan kwamiti a rubuta sunansu a wurin jauro da komisariya, a ba su kati mai hoto, a fitar musu da alawus daga kasafin magajin gari. Sau ɗaya a wata a zauna a zauren jauro da littafin ƙara a buɗe, a karanta abin da ya faru da awa da wuri, a tsara hanyar sintirin wata mai zuwa a kai, a kuma faɗi lita nawa aka bayar, nawa aka ƙona.