Alhaji, Hajiya da Mai Fenti

HAJIYA: Malam, ruwan ƙasa mai duhu nake so a falon nan. Kada ya yi ja, kada ya yi toka. Kamar shayin da aka yi wa rowar madara.

ALHAJI: Na ji habaicin. To Malam, galan ɗaya ai ya wadatar ko?

MAI FENTI: Ranka ya daɗe, galan lita 4 ne. Falon ƙafa 12 ne ta kowane ɓangare, tsayinsa ƙafa 10. In an cire ƙofa da tagogi, bangon zai kai murabba'in mita 40. Lita ɗaya tana shafe wajen murabba'in mita 10, ka ga hannu ɗaya, wato shafi ɗaya, kawai zai cinye galan. Launi mai duhu kuwa sai an yi masa hannu biyu, wani lokaci uku. A sayo galan uku.

ALHAJI: Uku! Ga rijiya a tsakar gida, ruwan kyauta.

MAI FENTI: Lita 10 ta fenti ba ta son ruwan da ya wuce lita ɗaya. In ka zarce haka, farin da ke ƙarƙashi zai riƙa leƙowa, bangon ya yi dabbare-dabbare, a dawo a sake sayen wani.

HAJIYA: Araha ba ta ado, Alhaji.

MAI FENTI: Kuma duka ukun a babban bokiti ɗaya zan juye in gauraya. Ko sunansu ɗaya, wani kan ɗara wani duhu kaɗan, sai an kai tsakiyar bango asiri ya tonu.

ALHAJI: Shi ke nan, ka fara gobe da asuba.

MAI FENTI: Yaushe aka yi filastar bangon can?

ALHAJI: Satin jiya.

MAI FENTI: To sai ta yi sati huɗu. Ɗanyen siminti gishiri yake fitarwa. A farin bango ba mai kula, amma a ruwan ƙasa kowane baƙo sai ya tambaya wa ya watsa gari. In ya bushe a cike tsagogi, a goge da samfefa, a share ƙurar, sannan a sa fentin ƙasa mai ɗan toka-toka. Shi ke sa hannu biyu ya isa.

ALHAJI: Fenti a ƙarƙashin fenti? Wa zai gan shi?

MAI FENTI: Aljihunka, ranka ya daɗe.

HAJIYA: Ni dai mai sheƙi nake so.

MAI FENTI: Hajiya, mai sheƙi sosai ba ya rufa wa magini asiri, duk tudu da kwari sai ya nuna. Marar sheƙi kuma in yara suka dafa da hannun miya, ana gogewa wurin zai yi tabo. A ɗauki na tsakiya, wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Da hunturu ma za ki gode mini, don ƙura ta fi fitowa a bango mai duhu. Silin kuma a bar shi fari ko ruwan madara, in ba haka ba ɗakin zai danne mutum.

ALHAJI: To in an gama ta ce ba shi take nufi ba fa? Na san hali.

MAI FENTI: Shi ya sa za mu gwada tukuna. Ƙafa biyu-biyu, hannu biyu, ɗaya a bangon da ke kallon taga, ɗaya a lungu. A bar awa huɗu tsakanin hannu da hannu. Kada a yanke hukunci yana ɗanye, yakan ƙara duhu in ya bushe. A duba da hantsi, a duba da la'asar, a duba bayan isha'i. Wannan ƙwan na sama ma sai an canza shi.

ALHAJI: Ƙwan kuma me ya yi maka?

MAI FENTI: Farin ƙwai ne, lambar launin haskensa 6500K, zai mayar da launin toka mai sanyi. A sa mai ɗan rawaya, 2700K ko 3000K, a wuri biyu ko uku, don bango mai duhu haske yake sha.

ALHAJI: In an ɗauke wuta fa?

MAI FENTI: Ai lokacin duk fenti ɗaya ne.

ALHAJI: Alhamdu lillahi! Hajiya, a unguwar nan yaushe rabonmu da wuta? Ki ɗauka an riga an yi fentin.

HAJIYA: Da rana fa?

ALHAJI: Ki saki labule.