Ƙannena, Ku Daina Ara Wa Mutane Layinku

Assalamu alaikum. Akwai wata ɗabi'a da ta yi yawa a cikin matasanmu, kuma wallahi tana ci mini tuwo a ƙwarya. Wani zai zo ya ce maka, "Abokina, NIN ɗina ta samu matsala, ara mini taka in yi rijistar layi." Ko a tara samari a majalisa, kowa ya yi rijistar sim da sunansa ya miƙa, a ba shi kuɗin da bai wuce na shayi da burodi ba. Ka karɓa kana murna, alhali wuyanka ka miƙa wa igiya.

Lambar waya ta daina zama abin kira kawai. Tun watan Disamba na 2020 hukumar sadarwa ta NCC ta ba da umarnin a haɗa kowane layi da NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma a Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. A cikin NIN akwai hotonka da zanen yatsunka da adireshinka. BVN, lambar shaidar mai asusun banki da Babban Bankin Najeriya ya fito da ita a 2014, ita ma haka take, kuma tana ɗaure da lambar waya. Sarƙa ce guda: daga layi zuwa NIN, daga nan zuwa asusun banki.

To, ranar da aka damfari wani bawan Allah a Legas ko Fatakwal ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, me kuke zaton za a fara bi? Lambar da ta kira shi, da asusun da kuɗin ya faɗa. Kamfanin waya yana da bayanin wanda layin ya kira, da lokacin, da ƙarfen sabis ɗin da wayar take kusa da shi, har da IMEI, wato lambar shaidar ita kanta wayar da aka sa sim ɗin a ciki. Da irin waɗannan bayanai ake kama ɓarayi, kuma mun gode wa Allah da akwai su. Amma ɗan damfara ya fi ka sanin haka, shi ya sa tun farko bai yi rijista da sunansa ba. Yana gama aikinsa zai karya sim ɗin ya jefa a kwata. Hoton da zai fito a kwamfuta naka ne. Ƙofar gidanku za a buga, mahaifinka ne zai yi ta zarya caji ofis yana neman beli, kai kuma kana rantsuwa ba ka san komai ba. Ko da gaskiyarka ta fito daga baya, wa zai biya ka kwanakin da ka yi a tsare? Wa zai goge maganar a bakin mutanen unguwa ranar da ka je neman aure?

Ku kuma tuna cewa a OPay da PalmPay lambar wayarka ita ce lambar asusunka, sifilin farko kawai ake cirewa. Wanda ka ba sim, kusan asusu ka ba shi.

Sai batun tsohon layi, wanda mutane da yawa ba su ɗauke shi komai ba. Ka sayi sabo, ka watsar da tsohon a aljihun tebur, ka manta shi ne ke karɓar alat ɗin bankinka. Layin da ya yi watanni ba a amfani da shi kamfani yana rufe shi, daga baya ya sake sayar wa wani. Sabon mai shi zai fara ganin saƙonnin kuɗinka, in kuma ba mai tsoron Allah ba ne, ya samu hanya. Kafin ka rabu da layi, je banki ka sauya lambar. Idan wayarka aka sace, kada ka tsaya jimamin wayar. Ka sa a rufe layin da asusun a ranar, sannan ka je ka yi walkam bak, wato a ba ka sabon sim da lambarka ta da. Ɓarawo yana iya danna *565*0# a kan sim ɗinka ya ga BVN ɗinka, don haka sanya wa sim lambar sirri ba ƙaramin kariya ba ne, kuma minti biyu ya ishe ka.

Maganar lambar da ake turo wa mutum ta tes kuwa, an faɗa har an gaji: babu ma'aikacin bankin da zai kira ka ya ce karanto masa ita. Haka lambobi shida na WhatsApp. Ku koya wa iyayenmu mata wannan.

Wanda ya san ya taɓa ara wa wani NIN ɗinsa, ko da ɗan uwansa ne na jini, ya ɗauki takardarsa gobe ya je ofishin kamfanin layinsa. Ya ce a nuna masa duk lambobin da ke kan sunansa, wadda bai gane ba a cire ta.