Daidai Ruwa, Daidai Tsaki: Magana Da Ƙannena Masu Goyo

Assalamu alaikum ƙannena masu goyo, na Birni da Zongo da Sabon Gari da Garin Malam, har da waɗanda aure ya kai Mirriya da Magarya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, don haka ku yi haƙuri da yayarku in maganar ta ɗan yi ɗaci.

Satin da ya wuce na je duba wata ƴar ƙanwar mahaifiyarmu da ke goyon fari. Yaron yana da wata takwas. Ina shiga ɗaki, abin da idona ya fara sauka a kansa shi ne gwangwanin abincin jarirai, an ɗora shi saman firigo inda duk baƙo zai gani. Ta dama masa a gabana. Cokali ɗaya da rabi ta zuba, ta cika kofi da ruwa, abin ya fito tsululu kamar ruwan wankin shinkafa. Na ce, "Ke kuwa, haka aka rubuta a jikin gwangwanin?" Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Yaya, in na bi yadda aka rubuta, kwana huɗu zai ƙare, albashin babansa kuma sai ƙarshen wata." Da na buɗe karnen awo, wato littafin da ake rubuta nauyinsa a asibiti, sai na ga nauyin yaron ya tsaya cak tun wata biyu baya. A tsakar gidan nan kuwa ga buhun gero, ga wake a kwano, ga kaji suna kiwo.

Na tambaye ta me ya hana ta dama masa kunu. Kunya. Faccalarta da gwangwani ta raini nata, ƙawayenta na lakwal kullum suna ɗora hoton nasu a WhatsApp, ita kaɗai za a ce tana ba ɗanta kunun gero kamar ƴar ƙauye? To wannan kunyar ce ta sa na ɗauki waya nake rubutu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gwangwanin da aka tsinka don ya kai ƙarshen wata, sunan kamfani kawai yaron yake sha, da ruwa.

Amma masu kunu, kada ku yi saurin cewa "mun faɗa." Laifin nan ɗaya ne, kuma a gidajenmu ya fi yawa. Kunun da ake ba yara a Damagaram, mafi yawansa gasara ce aka tsinka da ruwa aka jefa sukari, a zuba a moɗa yaro ya kwankwaɗa, cikinsa ya yi tim, uwa ta ce ya ƙoshi. Cikin ɗan wata takwas ɗan mitsitsi ne, abin da yake ɗauka a zama ɗaya bai wuce ƙaramin kofi ba. In kin cika shi da ruwa, ina abinci zai shiga? Gwajin ba shi da wuya: ɗebo kunun a cokali ki karkata shi. In ya zube sharr, ruwa kike ba shi. In ya tsaya, sai a hankali yake gangarowa, to kin dama kunu.

Bari in koma baya kaɗan. Wata shida na farko nono kaɗai, wannan kun sha jinsa a wajen awo, ko da yake na san zafin watan Afrilu yana sa kakanni su ce a ba jariri ruwa kada ƙishirwa ta kashe shi. Kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, ki ƙara ba shi mama kawai, ke ki sha ruwan. Daga wata shida ne nono ke fara gazawa shi kaɗai, musamman wajen sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, domin ajiyar da yaro ya zo da ita daga ciki ta kusa ƙarewa. A nan ake fara ƙarin abinci, nono kuma yana ci gaba har shekara biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗi haka, amma tun kafin ita aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Daga wata 6 zuwa 8, sau biyu ko uku a yini, a fara da cokali biyu ko uku ana ƙarawa. Daga wata 9 zuwa sama, sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani kamar ayaba ko mangwaro nunanne.

To me za a zuba a cokalin? Nan ne nake so mu zauna sosai.

Gero shi kaɗai ba ya gina jiki, yana buƙatar abokan tafiya. Garin Misola da ake sayarwa a leda, wanda aka fara yi a Fada N'Gurma ta Burkina Faso a 1982, ba wani asiri ba ne a cikinsa: gero kashi 60, waken suya kashi 20, gyaɗa kashi 10, sauran sukari da gishiri da bitamin. Ban da bitamin ɗin, duk akwai su a Kasuwar Dole ranar Alhamis. Ga yadda nake yi tun goyona na biyu. Gwangwanin awo shida na gero, biyu na waken suya, ɗaya na gyaɗa. In babu waken suya, wakenmu na gida ma ya yi. A tsince, a wanke, a shanya. A soya kowanne daban, don ba lokaci ɗaya suke soyuwa ba. Waken suya shi ya fi son wuta, sai ƙarninsa ya fita, sannan a ɓarza a sheƙe ɓawon. A haɗa a kai inji, a tankaɗe, a zuba a roba mai murfi. Ki yi na sati biyu kawai, don man gyaɗar yana sa gari ya canza wari in ya daɗe a zafin nan namu. Gyaɗa kuma ki zauna ki tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta yi baƙi, ta yamushe ko ta yi funfuna, ki zubar, kada ki ce asara. Funfunar nan tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kashe shi.

Sai wata dabara da na so a ce kowace uwa ta sani. Za ki ce, "Yaya, in na dama da kauri ba ya iya haɗiyewa." Gaskiya ne. Ɗebi gero ɗan kaɗan ki jiƙa shi ya kwana, ki baza a tsaftataccen buhu mai laima ki rufe, kina yayyafa ruwa, kwana biyu ko uku zai tsira. Ki shanya ya bushe ƙarau, ki daka, ki tankaɗe, ki ajiye daban. Ranar damu, awo ɗaya na garin kunu, awo biyu na ruwa, ki dafa ya yi kauri kamar talge. Ki sauke, ya ɗan huce, ki barbaɗa tsunkule uku na garin tsiron ki juya. A gaban idonki zai saki ya yi laushi, ba tare da kin ƙara ɗigon ruwa ba. Tsiron ne ke narka kaurin, har ɗan zaƙi yake kawowa. Kofi ɗaya na wannan ya fi kofi biyu na tsinkakke. Ki ƙara cokalin mai ko tunkuza kafin a toya ta, ki ba shi nan take.

Kunu kuma ba shi ne ƙarshe ba. Ƙwai ɗaya dafaffe a murƙushe a ciki. Na san maganar da ake yi, wai ƙwai yana sa yaro sata ko ya hana shi magana da wuri. Ƴaƴana huɗu da ƙwai suka tashi, surutunsu har ya ishe ni, kuma ban taɓa zuwa belin kowa ba. Da damina ƙwan zabi yana araha, a lokacin ne kuma tamowa ta fi kama yara, sai ka ga an kwashe ƙwan gida an kai kasuwa an sayo biskit. Hanta ɗan yanki sau ɗaya a sati, a dafa a marmasa, ita ce gaba wajen ƙarin jini. Busasshen kifi a cire ƙaya a daka. Fara ma, wadda muke ci da yaji muna hira, a cire ƙafafu da fukafukai a daka a tankaɗe, abinci ce mai gina jiki. Garin zogale da aka shanya a inuwa, kabewa, dankali mai jan ciki, miyar kuka kafin a sa mata barkono da magi. Lambunan Mirriya da Gidimuni suna kawo mana kaya har ƙofar gida. Ma'aikatan lafiya sun kasa abincin yara gida takwas, har da nonon uwa, suna son yaro ya taɓa aƙalla biyar a yini. Kunun haɗi da nono sun ba ki uku, ƙwai na huɗu, kabewa na biyar.

Abu biyu ki kiyaye. Zuma ba a ba yaro sai ya cika shekara, komai albarkarta, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Shayi kuma, wanda ake tsoma burodi a ba yara da safe, yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfen da kika sha wahalar nema.

Ban ce gwangwani haramun ba ne. Yana da ranarsa: tafiya Yamai kwana guda cur a mota, uwa ta kwanta ciwo, ma'aikaciyar da ke fita tun safe ta bar yaro hannun ƴar raino. Kuma an ƙara masa ƙarfe da bitamin, abin da garin gida yakan gaza in babu hanta da ƙwai. Wadda Allah ya hore mata, ta saya, amma ta dama shi daidai awon da aka rubuta, ta duba watannin yaron da aka sa a jiki, ta duba ranar lalacewa, don kayan da ke jibge a rana bakin titi ba duka ne masu sauran kwana ba. Ta kuma karanta abin da ke ciki. A watan Afrilu na 2024 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye, tare da IBFAN, ƙungiyar duniya mai sa ido kan abincin jarirai, ta fitar da rahoto cewa Cerelac, abincin jarirai na kamfanin Nestlé, da ake sayarwa a ƙasashe irin namu yana ɗauke da ƙarin sukari, har giram 6 a damu ɗaya a wani nau'in da ake sayarwa a Senegal, alhali irinsa na Suwizalan ba a ƙara masa ko kaɗan ba. Kamfanin Nestlé ya amsa cewa yana bin ƙa'idojin da aka gindaya. Ni dai abin da na gani da idona shi ne, yaron da harshensa ya saba da zaƙi tun yana wata shida, ranar da aka miƙa masa faten wake sai ya kau da kai. Garin kastad mai launin ɗorawa kuwa sitacin masara ne da ƙamshi, madarar gwangwani mai kauri kuma ta mai shayi ce, kada wani mai kanti ya ce miki abincin jariri ne.

Ga kuma ruwa, wanda ba sai an yi wa ɗan Zinder bayaninsa ba. Famfo ya ɗauke kwana da kwanaki, mu koma ga ƴan garuwa, ba mu san inda aka ɗebo ba. Kunun gida ana tafasa shi a wuta. Na gwangwani kwaɓawa kawai ake yi, don haka in ruwan bai tafasa ba, gudawa kika dama. Bibiro ya fi komai riƙe datti a wuyansa da bakinsa. Kofi da cokali sun fi saukin wankewa. Ragowar da ta wuce awa biyu a ajiye, ki sha abinki ko ki zubar, kada ki dogara da firigon da kuran ke ɗaukewa. Kuma a daina ɗura. Toshe wa yaro hanci a kwarara masa kunu yana iya tura shi cikin huhu. Ki zaunar da shi a cinya, ki yi masa wasa, ya ƙi yau ki sake gwadawa gobe.

Maigida, kai ma da kai nake, ƙanena. Kana tsayawa wajen mai nama da dare ka ci tsire kai kaɗai, ka shigo gida kana sakace, ka kuma yi alfahari ka sayo gwangwani ɗaya a wata. Ka sa mai nama ya yanko maka ɗan yankin hanta ɗanye ka kawo gida. Ka lissafa kuɗin gwangwanin nan, ka ga tiya nawa ta gero da wake da ƙwai nawa zai saya, sannan ku yanke shawara kai da ita. In Hajiya mahaifiyarka ta ce a kawo mata yaron ta yaye shi rana ɗaya saboda uwar ta sami ciki, kai ne za ka lallashe ta cikin ladabi. Yaron da aka raba da nono da uwa a yini guda, bai kuma saba da cin abinci ba, shi ne ake gani bayan wata biyu a gadon likita.

Wanda ya ga shekarar 2005 a ƙasar nan da wayonsa ya san yadda cibiyoyin tamowa suka cika a Maraɗi da Zinder, ya kuma san jar ledar Plumpy'Nut. Giram 92 ce, magani ce ta yaron da ya riga ya rame, ana ba da ita kyauta da lissafi. Ba ta sayarwa a tire ba ce, ba ta raba wa yayye su lasa ba ce, ba kuma abincin yaye ba ce.

Ita ƴar'uwar tawa, ranar Alhamis muka shiga kasuwa tare, Juma'a muka soya, Asabar aka kai inji. Na kuma bar mata zaren awon damtse mai launi uku, irin wanda aka fara koya wa iyaye mata amfani da shi a nan Mirriya. A tsakiyar damtsen hagu ake ɗaurawa, daga wata shida zuwa shekara biyar. Kore lafiya. Ɗorawa, ƙasa da milimita 125, a je likita cikin satin. Ja, ƙasa da 115, ko ƙafafu biyu su kumbura ki danna yatsa ya bar rami, a tafi a ranar, ko da kabu-kabu ne. Na ɗanta ɗorawa ya nuna, Litinin da safe muka kai shi.