Koyon jinya da mutum-mutumi ba wasan 'yar tsana ba ne

Na gaji da jin ana cewa ɗalibin jinyar da ya koyi aiki a kan mutum-mutumi bai koyi komai ba, wai sai a gaban gadon majinyaci hannu ke faɗawa. Masu wannan ra'ayi suna da hujja, domin roba ba ta jin zafi, ba ta kuma tsoron allura.

Amma an gwada abin. A 2014, majalisar hukumomin kula da aikin jinya ta Amurka ta fitar da sakamakon bincike a makarantu 10, inda ɗalibai 666 suka kammala. An musanya wa wasu kashi 25 cikin ɗari na lokacin zamansu a asibiti da kwaikwayon jinya, irin wanda ake yi a kan mutum-mutumi, wasu kashi 50. Ba a ga wani bambancin a zo a gani ba tsakaninsu da waɗanda suka yi horon asibiti yadda aka saba, a jarrabawar lasisi, haka ma bayan wata shida da kama aiki.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A ce hawan jinin mutum-mutumin ya faɗi, numfashinsa ya yi sama-sama, ɗaliba ta rikice ta yi jinkirin kiran likita. Ba wanda ya mutu. Sai a zauna da malama a bi abin daki-daki: me kika gani, me ya hana ki magana? A sake gwadawa. A asibiti, ɗaliba na iya gama wata guda ba ta ci karo da irin wannan ba.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma shi na fi so a riƙe: malaman da aka yi binciken da su an horar da su kan tafiyar da wannan zaman bita, kuma aƙalla rabin horon ya ci gaba a gaban majinyata na gaske.